Marfin Wili na Asali ga Tsohuwar Motar Amurka: Yadda Ake Gano Shi, a Gyara, a Ɗaura

Tsohuwar motar Amurka da aka yi wa sabon fenti, aka ɗinka kujerunta, aka tayar da injinta, sannan aka bar wilinta a tuɓe ko aka maƙala mata marfin wata mota daban, tamkar mutum ne ya saka babbar riga ya fito taro ba hula. Kowa zai ga akwai abin da ya rage, ko da bai iya faɗin mene ne ba. A shekarun 1950 da 1960 kamfanonin Ditiroit, birnin masana'antun motocin Amurka, kusan duk shekara suke sauya zanen marfin wili, kamar yadda suke sauya fitilu da fikafikan baya, har ta kai masanin mota na iya faɗa maka shekarar mota da ajinta daga kallon wili kawai. Shi ya sa marfin ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi yin kuskure a kansu, kuma abin da ya fi saurin ɓata. Rami ɗaya a hanya ya isa ya fizge shi ya gangara cikin ciyawa. A Pope Valley da ke jihar Kalifoniya, wani dattijo mai suna Litto Damonte ya shekara kusan talatin yana tara marafan wili a gonarsa, har suka haura 2,000, daga baya jihar ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihinta.

Zan ɗauki Chevrolet ƙirar 1957 a matsayin babban misali, domin an ƙera ta da yawa, kimanin miliyan ɗaya da rabi, kayanta na nan birjik na asali da na kwaikwayo, kuma duk tarkon da mai neman marfi zai iya faɗawa ciki yana tattare da ita. Amma hanyar ɗaya ce ko Ford ce a hannunka, ko Cadillac, ko Plymouth.

Mataki na farko: san ko wace ce motarka

Yawancin mutane daga marfin suke farawa. Su ga hoto a intanet, ya burge su, su biya, sai kaya ya iso sannan a gane ba na motar ba ne. Kai ka fara daga motar.

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da ƙofar take maƙale a jikinsa. A Chevrolet ta 1957 akwai ɗan farantin ƙarfe a wurin ɗauke da lambar shasi. Kada ka nemi haruffa goma sha bakwai irin na motocin yanzu, wannan tsarin sai a 1981 aka wajabta shi. Ta lokacin gajera ce. Idan ta fara da V, motar da inji mai fulogi takwas ta fito daga masana'anta. Idan babu V, mai fulogi shida ce. Harafin da ke biye shi ne wanda ya shafe ka: A na nufin aji na ƙasa wato 150, B na nufin 210, C kuma Bel Air. Sai 57, sai harafin garin da aka haɗa ta, kamar F na Flint ko S na St. Louis. Saboda haka VC57 Bel Air ce mai V8.

Me ya sa wannan harafi ɗaya yake da nauyi haka? Domin Bel Air ita ce ta zo da cikakken marfi mai rufe wili baki ɗaya a matsayin kayanta na ƙa'ida. 150 da 210 ɗan ƙaramin marfi suke zuwa da shi, mai rufe notuna kawai, sauran wilin a fili da fentinsa, sai dai idan mai sayen farko ya ƙara kuɗi an sa masa babban. A tsawon shekaru an mayar da 210 masu yawa zuwa kamannin Bel Air ta hanyar sa musu kayan adonta, to jikin mota zai iya ruɗinka, lambar shasi ce za ta faɗa maka gaskiya.

Bayan lambar, nemi takardun asali. Tallan da kamfani ya buga a shekarar, littafin mai mota, da littafin da ma'aikatan masana'anta suke bi wajen haɗa motar, duk an sake buga su ana sayarwa. Cibiyar tarihi ta General Motors, kamfanin da ke ƙera Chevrolet da Cadillac, tana da kundin bayanan motocinta shekara-shekara da ake saukewa daga intanet. Masu Ford daga 1967 zuwa sama suna iya sayen rahoton Marti, wanda ke nuna abin da aka sa wa motar tun daga masana'anta. A motocin Dodge da Plymouth kuwa, ɗaga kujerar baya ka leƙa tsakanin sifirin ɗinta, sau da yawa takardar haɗa motar tana nan a maƙale, ta yi ja saboda tsufa. Ka ciro ta a hankali, tana dagargajewa.

A nan ne zan faɗi ra'ayina ƙarara. Ƙaramin marfi ba abin kunya ba ne. Amurkawa suna yi masa laƙabi da kwanon kare, ko marfin talaka, domin motocin haya da na 'yan sanda da na masu ƙaramin ƙarfi aka sani da shi. Amma Plymouth Road Runner ta 1968 da shi ta zo, haka wasu Camaro masu tsananin ƙarfi na 1969 da dillalai suka yi odarsu ta musamman. Akwai ma Road Runner ta tsakiyar 1969 mai kaburata uku da ta fito da baƙin wili ba marfi ko ɗaya, notuna ne kawai masu ƙyalli. Idan motarka 150 ce, ƙaramin marfinta shi ne mutuncinta. Ka bar ta a yadda aka haife ta.

Mataki na biyu: duba wilin da ke ƙarƙashin motar yau

Mota mai shekara sittin da wani abu da wuya a ce wilinta huɗu duk na asali ne. Durƙusa ka karanta jikin taya, lamba ta ƙarshe a rubutun girman tayar ita ce girman wili da inci. Chevrolet ta 1955 da 1956 da wili mai inci 15 suka zo, tayarsu 6.70-15. A 1957 aka sauko zuwa inci 14, taya 7.50-14, don motar ta ƙara kwantawa ƙasa. Motocin uku ana kallonsu 'yan gida ɗaya, amma cikakken marfin 1956 ba zai taɓa zama a wilin 1957 ba.

Akwai kuma wani abin da ake mantawa. Masu irin waɗannan motoci da dama sun cire birkin dirom na gaba sun sa na dis don tsaro, kuma birkin dis sau da yawa ba ya shiga cikin tsohon wili mai inci 14, sai a koma 15. Idan an yi wa motarka haka, marfin 1957 na asali ba shi da wurin zama har sai ka samo wili mai inci 14 wanda birkin zai shiga cikinsa. Ka warware wannan kafin ka kashe ko dala ɗaya. Ford Mustang ta farko, wadda aka nuna wa duniya a watan Afrilun 1964, ita ma tana da irin wannan tarko: akwai mai inci 13, akwai mai 14, mai fulogi shida noti huɗu gare ta, mai V8 biyar.

Kada ka auna marfin da tef ka ce ka san girmansa. Marfin da ake kira na inci 14 faɗinsa daga baki zuwa baki ya ɗan zarce haka, sunan daga wili ya samo shi.

Sai yadda marfin yake riƙe wili. Hanyoyi uku ne aka fi sani. Tsofaffin wili suna da 'yan maƙalan sifirin da aka dasa a tsakiyarsu, marfin ya hau kansu. Wasu kuma 'yan ƙululu ne aka turo daga jikin ƙarfen wilin, leɓen marfin ya tsallake su ya kama. Cikakken marfi galibi haƙora ne da shi a zagayen bayansa, su ciji cikin bakin wili. Shafa yatsa a wilinka ka ji wanne ne. Ƙaramin marfi mai neman ƙululu ba zai zauna a wilin da ba shi da su ba, duk bugun da za ka yi masa. Wilin Chevrolet Corvette na 1956 zuwa 1962 misali ne mai kyau, marfinta yana buƙatar ƙululu a gefen wilin, wilin wata Chevrolet da ba shi da su zai hau motar lafiya amma marfin ba zai daɗe a kai ba.

Mataki na uku: bambance shekara da shekara

Wannan aikin ido ne da haƙuri. Ajiye hoton kamfani na shekarar kusa da hoton marfin da ake tallatawa, ka ƙirga komai: ramuka nawa, layuka nawa, tambarin tsakiya wane launi ne, ina aka shafa fenti ina aka bari. Marfin Corvette na 1956 zuwa 1958 da na 1959 zuwa 1962 kusan abu ɗaya ne a ido, sai dai na 1959 an huda masa ramuka goma don iska ta shiga ta sanyaya birki. Ƙaramin marfin tsakiya na wilin Rally da Chevrolet ta fito da shi a 1967 gajere ne kuma an rubuta masa cewa motar birkin dis gare ta, na 1968 zuwa gaba ya fi tsawo. Irin waɗannan ƙananan bambance-bambance su ne ke raba farashi.

Akwai shekara ɗaya da ya kamata ka riƙe a ka, 1968. Daga ranar ɗaya ga Janairun shekarar dokar tsaron motoci ta gwamnatin tarayyar Amurka ta hana sa wa sabbin motoci marfi ko noti mai fikafikai da suka fito waje, saboda gudun kada su kama masu tafiya a ƙasa da masu keke. Don haka idan wani ya ce maka marfi mai dogayen fikafikai na asalin motar 1969 ne, ka ja da baya. Kafin dokar kuwa fikafikai ake yayi. Na Oldsmobile masu fikafikai uku na tsakiyar shekarun 1950, da na Dodge Lancer masu huɗu na ƙarshen shekarun, da faffaɗan marfin Cadillac da ya fito a 1947 wanda ake kira da sunan malfar mutanen Meziko, duk samari masu gyaran mota sun yi ta ɗaura su a kan Ford da Mercury da Chevrolet. Ma'ana, marfi na iya zama tsoho na gaske, ya shekara hamsin a kan motarka, amma ba nata ba ne.

Dillalan tsofaffin kayan mota a Amurka suna aiki da lambar Hollander, wato kundin da ke bai wa kowane marfi lamba tare da jerin motocin da yake hawa. Idan ka samu lambar naka, nema ya yi sauƙi, kuma dillali zai san ba baƙo yake magana da shi ba.

Mataki na huɗu: inda ake samu

Babbar kasuwar ita ce ta Hershey a jihar Pennsylvania, wadda ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka ke shiryawa duk watan Oktoba. Akwai ta Carlisle a jihar dai, bazara da kaka, akwai ta Pomona a Kalifoniya. Wanda yake zaune a Amurka kuma zai iya zuwa, ya je, domin babu abin da ya kai riƙe kaya a hannu. Wanda ba zai iya ba, akwai eBay, da tallace-tallacen Hemmings, mujallar tsofaffin motoci, da shagunan da marfin wili kaɗai suke sayarwa. Ƙungiyoyin masu mota iri ɗaya su ne suka fi amfani a wurina, domin a can ne ake samun wanda ya ajiye marfi uku a gareji yana neman na huɗu, ko yana neman mai saye.

Za ka riƙa ganin haruffan NOS a talla. Suna nufin kayan kamfani na asali da ba a taɓa ɗaurawa ba, ya kwana a shagon dillali tun zamanin. Shi ne mafi tsada. Ka nemi hoton kwalinsa da lambar kaya, kuma ka sani zama a kanta shekara da shekaru shi ma yana barin tabo.

Idan daga nesa za ka saya, ka nemi hoton gaba, hoton baya, hoton baki daga gefe, da hoton ramin bawul kusa-kusa, na kowane marfi ɗaya bayan ɗaya. Mai sayarwar da ya ƙi nuna baya, bar masa kayansa.

Mataki na biyar: juya shi ka dubi bayansa

Fuskar marfi ado ce, bayansa ne ke ba da labari. Ɗauki na asali da aka ciro daga mota. Za ka ga ƙurar birki ta daskare baƙa a lunguna, haƙoran riƙo sun goge a bakinsu sun yi haske inda suka ciji wili, wataƙila ɗaya ko biyu sun ɗan karkace inda aka taɓa zura ƙarfe aka ɓamɓare shi. Ramin bawul gefensa a naɗe yake, ba ya yanka yatsa. Wasu suna ɗauke da lamba ko rubutun maƙeri da aka buga a ƙarfen. Kamfanin Lyon na Ditiroit ya ƙera marafa masu ɗimbin yawa wa kamfanonin mota a wancan zamani. Ƙwanƙwasa shi da farce, ƙarfe mai kauri amonsa daban ne. Ɗora shi a kan tebur mai santsi, idan yana rawa ya murɗe, kuma murɗaɗɗen marfi ya fi lotsattsen wuyar gyara.

Na kwaikwayo ana yin su sosai, musamman na Chevrolet 1955 zuwa 1957 da Mustang, wasu ma da izinin kamfani, kuma ba laifi ba ne ka saya idan an faɗa maka mene ne. Matsalar ita ce a sayar maka da shi da sunan na asali. Kama da wane ba ta wane. Alamominsa: baya fes ba tabo, ƙarfe sau da yawa ya fi sirantaka, layukan zane ba su da kaifi, launin tambari ya cika haske. Idan kana da na asali ko guda ɗaya, ɗora su a sikeli ka kwatanta nauyi.

Mutane suna yawan cewa a gwada da maganaɗisu. Kada ka dogara da shi. Ƙarfen silba mara tsatsa iri-iri ne, wani yana kama maganaɗisu wani ba ya kamawa. Abin da ya fi amfani shi ne ka gane da me aka yi kowane sashe, domin shi zai nuna maka ko zai gyaru. Cikakken marfi na shekarun 1950 da 1960 galibi silba ne mara tsatsa, wannan yana gyaruwa ƙwarai. Ƙananan marafa da yawa baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin kurom, idan tsatsa ta huda rufin sai an sake shi. Fikafikai da wasu tambura kuma da narkakkiyar tutiya aka zuba su, ita ce ke yin ƙuraje daga ciki, kuma gyaranta tsada gare shi domin sai an tone kowane rami an cike, sannan a bi da jan ƙarfe, nikel, da kurom. Akwai kuma na alminiyam a shekarun baya-baya. Idan zaɓi ya zo tsakanin marfi mai lotsawa biyu amma fikafikansa lafiya, da marfi sumul mai fikafikai masu ƙuraje, ɗauki na farkon.

Mataki na shida: cirewa da wanki

Leɓatun marafa da yawa wajen cirewa suka lalace, ba a hanya ba. Naɗe bakin ƙarfen ɓamɓara da tsumma, zura shi kusa da baki, ɗaga kaɗan, matsa gaba ɗan taƙi, sake ɗagawa, har ka zagaya. Shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa domin idan ya saki faɗowa yake yi. Kuma al'adar nan ta kifa marfi a ƙasa a zuba notuna a ciki ka bar ta, tsakuwa na ƙarzar fuskar.

Wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori. Kada ka kusanto da ruwan bilic, yana cin silba. Kada ka sa maganin wanke wili mai asid. Soson ƙarfe ma ka nisance shi, yana barin burbushin baƙin ƙarfe a jikin silba, bayan kwana kaɗan ka ga ɗigon tsatsa a inda bai kamata ta fito ba. Kafin ka taɓa tsohon fenti, ɗauki hotonsa daga kowane ɓangare, shi ne taswirarka idan ka zo mayarwa. Tambarin roba na tsakiya ka kwance shi daga baya ka ajiye gefe.

Bayan wanki, tsaya ka sake kallo. Marafa da yawa iyakar abin da suke buƙata ke nan, sai ɗan man goge ƙarfe da ƙyalle mai laushi. Ɗan tabon shekaru a kan marfi na asali ba aibu ba ne, kuma duk abin da ka kankare ba ya dawowa.

Mataki na bakwai: fitar da lotsawa da dawo da ƙyalli

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gaggawa ke lalata kaya. Idan ba ka taɓa yi ba, sayi wani marfin banza mai araha ka koya a kansa.

Kifa marfin a kan jakar yashi ko katako mai laushi. Zagaye lotsawar da alƙalamin maka ta baya don kada ka ɓace. Feƙe guntun katako mai tauri bakinsa ya yi daidai da lanƙwasar wurin. Ka fara daga gefen lotsawar kana zagayawa zuwa tsakiya, da ƙaramar guduma, bugu mai sauƙi irin na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Kada ka fara daga tsakiya. Ƙarfen da ya lotse ya riga ya ɗan miƙe, idan ka doke shi da ƙarfi a tsakiya zai turo waje ya yi ƙulli, kuma mayar da ƙulli ya fi fitar da rami wuya. Bayan kowane bugu biyar ko shida juya ka duba a gaban fitila mai tsawo, ka kalli yadda layin hasken yake lanƙwashewa a jikin ƙarfen. Inda layin ya karye, aiki bai ƙare ba.

Idan wurin ya kusa daidaita, shafe shi da baƙar maka ta gaba, ka wuce da magagari mai laushin haƙori sau biyu ko uku a hankali. Inda baƙin ya goge, tudu ne. Inda ya rage, kwari ne, koma baya ka ɗan turo shi. Magagarin na nuna hanya ne, ba na cin ƙarfe ba, domin kaurin marfin bai taka kara ya karya ba, ana iya huda shi.

Daga nan sai samfefa da ruwa. Fara da lamba 320 ko 400 don share sawun magagari, sannan 600, 800, 1000, 1500, har 2000. Duk lokacin da ka sauya lamba, sauya alƙiblar gugar, ta haka za ka ga ko sawun ta baya ya ɓace. Wanda ya tsallake lamba zai gamu da ƙarzuwar a ƙarshe, lokacin da ƙarfen ya yi madubi, dole ya dawo baya.

Abu ɗaya kafin ka sa samfefa: wasu marafan silba an yi musu siririn rufin kurom a sama tun daga masana'anta. Kurom haskensa yana karkata zuwa shuɗi, silba tsura kuma zuwa ɗan rawaya. Idan ka kankare wuri ɗaya kawai, za ka ga tsibiri mai launi daban a tsakiyar marfin. Gwada a wani lungu da ba a gani. Idan akwai rufin, ko dai ka haƙura da lotsawar, ko a cire rufin duka a goge baki ɗaya, ko a kai wa masu kurom.

Gogewa a inji mataki uku ce: faifai mai tauri da baƙin sabulun guga, faifan auduga ɗinkakke da sabulun silba, sai sakakken faifai mai laushi da fari. Kowane sabulu da faifansa. Injin nan ba abin wasa ba ne. Sa gilashin kare ido, cire duk abin da ke lilo a jikinka, naɗe hannun riga. Riƙe marfin a ƙasan tsakiyar faifan, inda yake juyawa yana barinka, kuma kada ka bari baki ko ramin bawul ya fuskanci juyin. Idan faifan ya kama leɓe, zai fizge marfin daga hannunka ya maka shi da ƙasa, aikin kwana uku ya tafi, wataƙila da yatsa. Kada ka daɗe a wuri ɗaya, zafi yana ƙona silba ya canza launi.

Idan wani za ka kai wa, ka tabbata ya san aikin siririn ƙarfen ado. Gyaran jikin mota daban ne, can ana cike rami a rufe da fenti, nan babu abin da zai rufe kuskure. Ka gaya masa tun farko: ba wuta, ba babbar guduma.

Fenti shi ne na ƙarshe. Goge duk maiƙon sabulun guga da sinadarin cire mai, rufe wuraren ƙyalli da salatif na masu fenti, yanke gefe da reza, fesa siriri sau biyu ko uku, ka cire salatif kafin fentin ya bushe ƙarau. Ka lura da hotunanka, baƙin da ke kan marafa da yawa ba mai walƙiya ba ne, mai ɗan dishi-dishi ne.

Mataki na takwas: ɗaurawa

Goge bakin wili, kada a bar tsatsa ko tulin fenti inda haƙora za su ciji. Duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kwanta ka ɗaga shi kaɗan da filaya, duka su zama tsayi ɗaya. Daidaita ramin da bawul tukuna, ka tabbata bawul ɗin ya fito a miƙe kuma tsawonsa ya isa a sa masa iska. Idan gajere ne akwai ɗan ƙarin da ake ɗaura masa. Tura ɓangaren bawul ya shiga, sannan ka bi gefe da tafin hannu ko gudumar roba da aka naɗe da tsumma, hagu da dama, har ku haɗu a ɗaya ɓangaren. Tsakiyar marfi ba wurin bugu ba ne ko sau ɗaya. Idan ka gama, zagaya da yatsa, ratar ta zama ɗaya ko'ina.

Sai maganar taya. Waɗannan wili an yi su ne don tsohuwar taya mai zare a gicciye. Tayar radiyal ta zamani ta fi riƙe hanya, kuma masu tsofaffin motoci da yawa sun lura tana sa tsohon wili ɗan motsi a kwana, marfi ya riƙa zamewa a hankali yana juyawa har ya danne bawul, ko ya fice gaba ɗaya. Bawul da aka danne zai iya tsagewa iska ta fita kana cikin tafiya, don haka wannan ya wuce maganar ado. Ka sa ɗan ɗigon maka a bakin marfi da wili a wuri ɗaya, ka yi tafiyar kilomita ashirin da kwana-kwana, ka dawo ka duba ko alamun sun rabu. Idan sun rabu, ƙara wa haƙora ƙarfi, ka sa bawul na ƙarfe mai noti, wasu kuma suna ɗiga ɗan silikon a wurare uku ko huɗu a bakin wilin. Kada ka huda marfi na asali don ɗaure shi da waya ko igiyar roba kamar yadda ake yi wa marafan roba na motocin yau a titunanmu.

Idan motar ta hawa ce kullum, ko hanyoyin unguwarku masu ramuka ne, shawarata ita ce ka sayi jeri na kwaikwayo don yawo, na asalin ka ɗaura su ranar taro ko baje kolin motoci. Wajen ajiya, wanke su, bari su bushe sarai, shafa ɗan kakin goge mota, ka sa kwali ko tawul tsakanin kowane biyu domin haƙoran na sama kada su ƙarje fuskar na ƙasa. Ajiye su a tsaye cikin kwali, nesa da laima da batirin mota da rana mai cin launin tambari, ka rubuta shekara da ajin motar da lambar Hollander a jikin kwalin.